Kwalaye Huɗun da Kawu Bai Gama Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Mahaliccinsa ranar wata Talata bayan la'asar, a asibitin da nake aikin jinya a Largo, nan Amurka. Washegari aka yi masa sutura. Daga maƙabarta aka wuce gidansa na Fort Washington aka zauna makoki, maza a falo har cikin gareji, mata a kicin da saman bene. Ni ce mai zirga-zirga da shayi tsakanin ɓangarorin biyu, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kansa ya shiga kunnena.

Wani likita ya ce shekara da shekaru bai taɓa riga Kawu shiga masallacin Juma'a ba. Wani injiniya ya ce ranar da ya fara taka ƙasar nan bai san kowa ba, Kawu ne ya ji shi yana Hausa a waya a filin jirgi, ya ɗauko shi ya kawo shi gida aka tuƙa masa tuwo. Mata suka ce mutum ne da ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Duk gaskiya suka faɗa. Amma aka yi kwana biyu cur ana jero alherinsa, ba a samu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce Kawu mai zane ne ba.

Sai a rana ta uku. Amininsa, wani tsohon direban tasi mutumin Maraɗi, yana jingine da bango yana jan carbi, kawai aka ji dariya ta kuɓuce masa. Ya toshe baki da hannu, ta ƙi tsayawa.

"Bon, ku yi mini gafara," in ji shi, da ɗan Faransancinsa. "Wallahi shafin nan na tuna, inda Mai Doguwar Hula ya gaya wa mutanen gida shi ne manajan filin jirgi, sai ga surukinsa ya sauka yana neman tasi, layi kuma ya zo kansa."

Wasu suka sunkuyar da kai, na ga kafaɗun mutum biyu suna rawa. Likitan nan ya gyara murya ya ce, "Alhaji, addu'a ce mamaci yake buƙata yanzu." Aka shafa fatiha, aka binne maganar. Tsohon ya goge ido da hannun riga, ban san ko na dariya ba ne ko na kuka.

Na koma kicin raina a ɓace. Rabin mutanen da ke falon nan ni na rubuta adireshinsu da hannuna a bayan ambulan ɗin da ake aika musu mujallar zanen Kawu. Na san mai karɓar kwafi biyu, ɗaya na ofis ɗaya na mota. Shi kansa likitan da ya ce a yi addu'a, in mujallar ta makara da mako ɗaya shi ne farkon mai bugo waya. Yau mai ita ya mutu, kowa ya zama salihin da bai taɓa ganinta ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi nauyi. Kawu ya bar mini wani aiki a kan zanensa, aikin da ya yi imani makomarsa a lahira ta rataya a kai, ni kuwa kwana biyu kafin ya cika na dubi idonsa na ce na gama, alhali ko taɓawa ban yi ba. Zan zo kan wannan, amma sai an san mutumin tukuna.

Tun yana saurayi a Kano yake zane. A zamaninsu akwai mujallun barkwanci na manya, zane ne daga bango zuwa bango, ana sayar da su a tashar mota da bakin silima. Ba na yara ba ne. Labarin ma'aikaci da mai gidan hayarsa, na ɗan siyasa da ƙaton tumbinsa, na abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar ɗaki. Kawu ya zana wa biyu ko uku daga cikinsu a ɓoye, don kakanmu malami ne mai zafi. Mahaifiyata ta ce a cikin rufin ɗakin awaki yake ɓoye tawadarsa, ita ce mai yi masa gadi. Daga baya takarda ta yi tsada, kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, mujallun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya samu hanya ya zo Amurka ya kama tuƙin tasi. Lokacin da aure ya kawo ni ƙasar nan na same shi da furfura a gemu, yana bin layi a filin jirgin Dulles.

Layin nan kuwa sai mutum ya yi awa biyu ba a kira shi ba. Sauran direbobi su yi barci ko su yi musun siyasa, shi kuma ya ɗora ɗan littafi a kan sitiyari yana zana fasinjan da ya sauke. Ta madubi yake nazarin mutane. Ya kan ce, "Ni hanci nake fara gani. In na samu hancin mutum, sauran jikinsa da kansa yake biyowa." Haka yake gaisawa da kowa, idonsa a tsakiyar fuskarka, har sai ka tsargu ka shafa wurin. Ni tun ina ƙarama Hancin Gauta yake kirana, na girma, na yi aure, na zama ma'aikaciya, bai fasa ba. A wurin suna ko walima, in hira ta gundure shi, sai ya kifa farantin takarda ya zana wanda ke kusa da shi a baya. Akwai gidajen da har yau farantin nan yana manne a jikin firij.

Aminin nan nasa ne ya fara fizge littafin ya zagaya da shi motocin direbobi. Kafin mako ya zagayo kowa na neman a nuna masa. A farkon shekarun dubu biyu Kawu ya gyara ɗakin ƙasa na gidansa, ya sa tebur a gindin 'yar tagar da take daidai da ciyawar waje, ya fara fitar da mujalla. Shafi goma sha shida, baƙi da fari, duk bayan wata biyu. Ya zana da tawada, ya kai shagon kwafi, ranar Asabar mu taru ni da shi da matarsa, wadda muke kira Inna, mu ninke, mu ɗinke da sitefila, mu zuba a ambulan mai ruwan ƙasa. A bayan kowane ambulan da hannunsa yake rubuta: Ba ta yara ba ce.

Jarumin cikinta shi ne Mai Doguwar Hula, direban tasi mai cika baki, wanda hularsa kullum a lanƙwashe take saboda rufin mota. Ta bakinsa Kawu ya faɗi abubuwan da muke yi ba ma faɗa. Mutumin da aikinsa wanke tsofaffi a gidan jinya, yana aika hoto gida da rigar likita. Auren takarda da tambayoyin da ake hardacewa kafin a je gaban jami'ai. Miji da mata da aiki ya raba, ɗaya na shigowa ɗaya na fita, har sai sun sa ranar haɗuwa a kalanda; wannan shafin na ninke shi ina kallon bango don kunya. Ba ya zana tsiraici. Ya dai san inda zai saki labule, ya bar takalma biyu a bakin ƙofa, mai karatu ya ƙarasa da kansa.

Ta karɓu fiye da yadda muka zata. Mai shagon kayan miyar Afirka yana ajiye ta a ƙarƙashin kanta, kusa da daddawa, sai ka yi ƙasa da murya ka ce, "Ta fito?" Direbobin manyan motoci suka riƙa kai ta New York da Atlanta. Inna ta ce mata sun fi maza karanta ta, don su ne masu share mota su tsinto ta a ƙarƙashin kujera. A shekarun nan Kawu tafiya yake kamar an rage masa shekara goma.

Faɗanmu na farko a kan mujallar nan ne. Mijina na lokacin mutum ne mai sahun gaba a masallaci da fara'a a waje, a gida kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ban gaya wa kowa ba. Wata Asabar ina ninke takardu hannun rigata ya zame, Kawu ya ga shatin yatsu a damtsena. Ya dubi wurin, ya dubi fuskata, ya ci gaba da ninki. Fitowar da ta biyo baya bai kira ni ninki ba, shi da Inna suka yi. Sai da wata ƙawata ta kira ni tana kame-kame sannan na nemi kwafi. Labari ne mai shafi biyu, babu Mai Doguwar Hula a ciki, babu abin dariya ko ɗaya. Wani mutum yana riƙe wa tsohuwa ƙofar shago yana murmushi, ya dawo gida ya rufe tasa ƙofar da ƙafa. Matar ba a nuna fuskarta ba, bayanta kawai. Mijin kuwa, hancin nan ko makaho ya shafa ya san na wane ne.

Na tuƙa mota har Fort Washington, na sauka ɗakin ƙasa ko sallama ban yi ba.

"Kawu, ka tona mini asiri a gari."

Bai ɗago daga tebur ba. "Naki na tona ko nasa?"

"Da ka tambaye ni ai."

"Da na tambaye ki cewa za ki yi ƙofa ce ta buge ki." Sai a lokacin ya ajiye alƙalami. "Ba ni da ƙarfin dukansa, 'yar nan, ba ni da ilimin yi masa wa'azi. Abin da ke hannuna na ɗauka."

Wata uku ban taka gidansa ba. Tunda magana ta fito fili manya suka shiga, auren ya mutu. Ranar da zan kwashe kayana tasin Kawu ce ta fara tsayawa a ƙofar gida, bai fita aiki ba ranar, sawu huɗu ya yi. Ya ba ni ɗaki a gidansa na zauna wata bakwai har na samu nawa wurin a Largo. Har ya mutu bai tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Har yau ban yanke ko daidai ya yi ba. Ya fitar da ni daga gidan nan, ya kuma sa an yi shekara ana nuna ni da baki a wurin biki.

Mutuwar mujallar ba rana ɗaya ta zo ba. Wayoyi masu kyamara suka shigo, mutum ɗaya ya karɓi kwafi ya ɗauki hoton shafukan ya tura wa jama'a. Wannan bai dami Kawu ba, ya ce ai karantawa suke yi. Abin da ya karya shi shi ne lokacin da aka daina ko ɗaukar hoton. Barkwanci ya koma 'yan gajerun bidiyo da ake turowa daga gida kullum, wa zai zauna jiran wata biyu. 'Ya'yan da aka haifa a nan, waɗanda ya yi ta ɓoye musu ita, suka girma suka kai munzalin karantawa, sai ga shi ba su iya karanta Hausa ba. Babban ɗansa ya taɓa ɗaukar ɗaya yana jujjuyawa, ya tambaye shi da Turanci me mutumin yake cewa. Kawu ya fara fassara masa da zumuɗi, ya kai tsakiya ya ji abin ya zama lami, ya karɓe ya mayar cikin ambulan.

Tasi ma ta bi sahu, motocin da ake kira ta waya suka kwashe fasinjoji. Ya ce mini yanzu a layin filin jirgi kowa kansa na cikin waya, fasinja ma haka, tsakiyar kai kawai yake gani a madubi. Fitowa ta ƙarshe, mai shago ya kira shi ya zo ya kwashe don suna tare masa wuri. Tare muka je. Ya loda ambulan ɗin a but ɗin mota, ya rufe, ya tsaya riƙe da makulli.

"Sau biyu ke nan ina yi mata jana'iza," ya ce. "Ta Kano na ce talauci ne ya kashe ta. Wannan fa, me zan ce?"

Bayan nan ciwon ƙoda ya kama shi. Sau uku a mako ana yi masa wankin ƙoda, awa huɗu a kan kujera da allura biyu a hannu, babu halin riƙe alƙalami. Sai ya sa abin ji a kunne yana sauraron wa'azi a waya, ita dai wayar da ta kashe masa sana'a. A nan ya ji, ya kuma sake ji, abin da ya sani tun a zauren mahaifinsa ya ture gefe shekara arba'in: cewa mai zana abu mai rai za a tsayar da shi ranar hisabi a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron kowa ba ya fara firgita. Inna ta ce sai ya zauna yana ƙiyasta mutanen da ya zana, kowane shafi mutum nawa, shekara nawa, har gumi ya karyo masa cikin sanyi.

Ya tambayi malamai. Wani ya ce ya ƙone su duka ya tuba. Wani dattijo ya ce akwai sauƙi, in aka ja layi a wuya aka raba kai da gangar jiki, zanen ya tashi daga siffar mai rai. Ni ba malama ba ce, ban san wanne ya fi ƙarfi ba. Kawu ya kama na biyun da hannu bibbiyu. Ainihin zanensa na hannu, har da na Kano da ya taho da su, suna cikin kwalaye tara a ɗakin ƙasa. Ranakun da ba shi da wanki sai ya sauka da rula bayan karin kumallo, ya rufe ƙofa, ba ya barin kowa ya shiga. Mutum ɗaya-ɗaya yake bi yana yanke musu wuya.

Da Inna ta gaya mini na je na same shi zaune a tsakiyar matattakala, yana mayar da numfashi kafin ya ƙarasa hawa.

"Kawu, aikin shekara arba'in kake lalatawa."

"Gyarawa nake yi."

"Mutanen da ka sa dariya a ƙasar da ba su da kowa fa? Ni da ka fitar daga gidan can fa? Shi ma zunubi ne?"

"Ke ce za ki tsaya mini ranar?" Ya dube ni, wannan karon a ido. "Kin karanta jinya, kin ga yadda ake mutuwa. Abin da ke bayanta fa, kin gani?"

Na ce masa tsoro ne kawai ke damunsa.

"Tsoro ne mana," ya ce. "Da me kike zato?"

Ya gama kwali biyar, jiki ya ƙi. Aka kwantar da shi a asibitinmu, ba a sashena ba, amma duk hutun rana ina wurinsa. Ranar da ya gane ba zai koma gida ba, ya sa Inna ta ciro jan biro daga jakarta, ya danƙa mini.

"Saura huɗu. Na sa musu lamba, shida zuwa tara. Da wannan za ki yi, ki danna sosai. Kada ki tsallake kowa, har 'yan ƙananan da ke cikin taro."

"Kawu, ka ba ɗanka mana."

"Shi bai san su ba. Ke kin san su."

Na karɓa, don ba a musu da mutum a gadon asibiti. Sau biyu na je gidan. Na farko na tsaya a bakin matattakala na juya. Na biyu na sauka har ƙasa, na ɗaga murfin kwali na shida, Mai Doguwar Hula ya dube ni da lanƙwasasshiyar hularsa, na mayar da murfin. Kullum na shiga ɗakin Kawu, kafin gaisuwa tambayar ke nan, "Nawa ya rage?" In ce ina kai. Ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, idonsa kullum a ƙofa. Ranar Lahadi da azahar na same shi yana fizge-fizge, numfashi sama-sama. Na san alamar, na sha ganinta a jikin wasu. Ya kama wuyan hannuna.

"Kin gama?"

"Na gama, Kawu."

"Duka?"

"Duka."

Ya saki hannuna, na ga kafaɗunsa sun sauka kan matashi. "Allah Ya yi miki albarka, Hancin Gauta," ya ce. Ranar ya sha kunu rabin kofi, ya samu barci. Talata ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Waɗanda suka yi masa wanka suka yi ta faɗin yadda fuskarsa ta saki, ni kaɗai na san daga ina wannan natsuwar ta fito.

Bayan addu'ar bakwai babban ɗansa ya ja ni gefe. Taubashina ne, tun yana ƙarami Bature nake ce masa yana bina da gudu, amma ranar ba wanda ya yi wasa. Ya ce in Inna ta gama takaba za ta koma wurinsa a Sterling, za a saki gidan, yana so ya fara kwashe ɗakin ƙasa. Ya ce ya san kwalayen nan sun hana babansa barci, in ba na so, motar shara tana zuwa ranar Alhamis. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa sauke wa mahaifinsa kaya zai yi. Na ce ya loda mini su a mota, duka taran.

Wata biyu suka yi a falona, na yafa musu zanin gado. Ina wuce su safe da yamma. In na idar da salla na zo yi wa Kawu addu'a sai harshena ya yi nauyi. Na yi niyyar tambayar malami na fasa, don na san duk amsar da zai ba ni ba za ta goge abin da na faɗa ranar Lahadin nan ba. In na ja jan layin, na lalata abin da ya rage na mutumin da falo guda ya ƙi ambata. In na bar su, na bar shi da abin da ya mutu yana gudu, bayan ni na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Wata ranar hutu da hantsi na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na share tebur, na ajiye rula da jan biron. Sai na ce bari in buɗe kwali na ɗaya in ga yadda shi ya yi, a ina daidai yake sa layin, kada in yi abin da ba shi ba.

Na ɗauko shafin farko ban ga komai ba. Na zata kwalin na rikita. Sai da na kai shi bakin taga na karkata shi ga haske sannan na gani. Layin yana nan a wuyan kowa, a miƙe, har 'yan ƙananan da ke cikin taro bai tsallake ba. Amma da fensir ya ja shi, fensir mai laushi, ko dannawa bai yi ba. Na goga ɗan yatsa a gefen ɗaya, ya dusashe. Na buɗe kwali na biyu, na uku, har na biyar. Duk haka suke.

Na kira Inna a waya. Na gaya mata abin da na gani, ta ce, "Jan biron nan tun farkon aikin ya aike ni na sayo. Kullum da shi yake sauka a aljihu, da shi yake hawowa. Ni na ɗauka da shi yake yi. Sai ranar da ya ce in ɗauko masa a kai asibiti na ga ko ledarsa bai yage ba."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe abin da yake rufe wa ƙofa ke nan, ba ya so mu ga ya kasa. Wata da watanni yana sauka da niyya yana hawowa da biro a aljihu, sannan ya miƙo mini abin da hannunsa ya ƙi yi, ya ce in danna sosai. Na ji haushinsa, wallahi na ji. Na kuma ji tausayinsa.

Na fita na sayo fensir irin nasa. Wata uku na yi a kan kwali na shida zuwa na tara, a ranakun hutuna, mutum ɗaya-ɗaya, ban tsallake kowa ba. Ban danna ba. Ko wannan ya cika abin da dattijon malamin ya faɗa, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da Kawu ya ce in yi daban, abin da na yi daban, na kuma san da haka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka masa makwanci. Ya Ubangiji, bawan nan naKa ya zo maKa yana zaton an gama, ni ce kuwa na ce masa an gama. In da sauran tambaya a kan kwalaye huɗun nan, ni za a yi wa.